Kaset Mai Ɗigon Ja

Yanzu murya ba ta da tsada. Jikata takan zauna nan bakin ƙofata da salula a hannu, ta danna, sai ga muryar ƙanwarta daga Yamai, ta sake dannawa, sai ga ta mijinta yana tambayar ko an sayi gawayi. In abin ya cika sai ta bi su da yatsa tana sharewa ɗaya bayan ɗaya, tana cin gyaɗa. Rannan na ce mata, "Ke, in kin share ina suke zuwa?" Ta ce, "Kaka, ba su zuwa ko'ina. Sun tafi ke nan." Na ce to. Amma tun daga ranar wani abu yake ta juyawa a raina, shi ne na ce ta nemo takarda ta zauna, ni in faɗa, ita ta rubuta.

A zamanin da muka tashi, murya fita take yi ta wuce, kamar hayaƙin murhu. Wanda ya ji ya ji. Madarumfa kuwa gari ne mai ƙara. Tun kafin rana ta fito taɓare sun fara amsa wa juna daga gida zuwa gida, har kana iya gane wacce ta yi faɗa da mijinta daga yadda take sauke taɓarya. Daga bakin tabki kana jin masunta suna kiran juna, da kwaɗi, da waɗannan fararen tsuntsaye da ke sauka kan itatuwa da kaka. Can kuma manyan motocin gyaɗa, kamyo muke ce musu, suna nishi a cikin rairayi. Kiɗa ma akwai, amma kowane kiɗa da masu shi. Kalangu na mahauta ne, gangar noma ta ranar gayya ce, goge na mutanen da ba a cika faɗin sunansu a gidanmu ba. Makaɗi gadon kiɗa yake yi wurin ubansa kamar yadda ake gadon gona. Ɗan manomi ba ya taɓa ganga. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ko tafi ba ya so ya ji ɗa namiji yana yi.

Ina da wa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana ɗan shekara goma ya bi wani direba ya ƙetare iyaka, aka neme shi har aka gaji. Sai da aka yi damina goma sha wani abu, Baba ya rasu, ni an yi mini aure har na haihu, sannan ya dawo. Da ya sauko daga mota Inna ba ta gane shi ba. Gashi tuli a kai kamar kwando, riga mai furanni irin ta amare, wando ƙafarsa ɗaya ta isa a yi wa yaro riga. Hausarsa ma ta karkace, yana cusa mata wasu kalmomi na mutanen kurmi. Gari ya sa masa Ɗan Ikko. Tsarabar da ya zo da ita uku ce: wata jita mai igiyar waya, da baƙin akwati da jitar ke magana ta cikinsa, da manyeto, injin da ke kama murya ya aje a cikin kaset.

Bai daɗe ba ya samu abokai uku. Akwai wani mai gyaran rediyo daga Maraɗi, akwai wani mai taimakon direba, akwai kuma ɗan makaɗan garin Gabi, wanda shi kaɗai ne a cikinsu ya gaji kiɗa, shi ma ubansa ya kore shi don ya ɗaura marufan tukwane a jikin ganga. Suka shige wata tsohuwar mangaza a bayan gari, inda dā ake jibge buhunan gyaɗa kafin cinikin ya mutu. Mu ba mu da wutar lantarki a lokacin. Da batirin kamyo suke kunna kayan, kamyon kuwa ranar kasuwa kaɗai yake tsayawa, daga hantsi zuwa la'asar. Don haka kiɗansu na tsakar rana ne, lokacin da gari duk ya tafi kasuwa, hayaniya ta rufe su. Aka riƙa ce musu 'yan mangaza.

Abin da suke yi a ciki, ni dai har yau ban san sunansa ba. Sukan cusa bakin akwatin nan a cikin randa, sai jitar ta riƙa kuka daga nesa kamar wanda ya faɗa rijiya. Sukan kai manyeto bakin tabki su kamo kukan kwaɗi, mai gyaran rediyo ya buɗe kaset ya juya zaren, sai kwaɗin su riƙa haɗiye kukansu maimakon fitarwa. In duwatsun manyeto, wato ƙananan batiransa, sun yi sanyi ba su yarwa, sun fi son su a haka, don murya ta ja ta yi nauyi, ta mace ta koma ta ƙato. Waƙa ɗaya takan kai tsawon girkin tuwo, tun daga ɗora tukunya har kwashewa. Amma ba wannan ne ya fi tada wa dattawa hankali ba. Abin da ya dame su shi ne kiɗan ba ya yabon kowa. Ba kirari, ba roƙo, ba sunan wani mai kuɗi ko wani sarki. Na ji wani tsohon malamin unguwarmu yana cewa, "To wa suke yi wa? In ba mutum suke yi wa ba, ai kun san waɗanda suke yi wa." Wasu suka ce suna shan wani abu a ciki. Ban sani ba, ni dai shayi kawai na gani. Wata rana jandarmomi biyu suka zo, wai an ce musu ana aika saƙo ƙasar waje da wayoyi. Aka zaunar da su aka kunna musu. Babban ya saurara, ya saurara, ya kama goshinsa, ya ce a rufe, kada ya sake jin an tara mutane a nan. Daga ranar suka toshe tagogi da tsofaffin buhuna, wanda zai shiga sai ya zagayo ta bayan gonar rogo.

Kaset ɗinsu uku ne kacal. In sun yi sabon kiɗa sai su ɗora shi bisa tsoho, tsohon ya tafi. Suna bambance su da ɗigon fenti: fari, shuɗi, ja.

To, a nan zan ajiye 'yan mangaza in ɗauko wata.

Ina da diya a lokacin, ta fari. Ke da kike rubutu, na ga yadda kike yi da naki ɗan farin, kina sumbatarsa a gaban surukarki, kina kiran sunansa tun daga ƙofar gida. Ban ce kin yi laifi ba. Mu dai ba haka muka taso ba. Ɗan fari abin kunya ne ga uwa. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba. Ana yaye yarinyar Inna ta ɗauke ta, ta zama tata. Ni nakan ce "yarinyar Inna", ko in ce "waccan". Ita kuma Yaya take ce mini, don haka ta ji ana yi. Tsakanin gidan mijina da gidanmu katanga huɗu ne. Nakan je da ɗan ƙosai a ƙunshe in ce na kawo wa Inna, Inna ta karɓa ta ce an gode, mu duka mun san ba ta da haƙoran damuwa da ƙosai. Wata rana yarinyar ta faɗi a gabana, gwiwarta ta fashe, ta ɗago kai ta dube ni. Akwai mata a tsakar gidan. Na ci gaba da tsince wake. Goggo ce ta ɗaga ta.

Wurin kawunta ta samu wanda ba ya jin kunyarta. Ɗan Ikko a zauren gidanmu yake kwana, ita kuwa ta liƙe masa. Yana ɗora ta a wuya, tana riƙe da gashin nan kamar linzami. Inna tana faɗa, "Kai, sauke mini ita, kada ka koya mata iskanci!" Shi kuma ya ce, "Inna, wagga ita ce shugabar orkes ɗinmu, ita ke jan makaɗa." Surutu gare ta kamar kanari. Daga gidan mijina ina jiyo ta in iska ta juyo, ba kalmomin ba, ƙarar dai.

Sai shekarar nan ta zo da ruwa ya ƙi. Tabki ya ja baya har aka riƙa tafiya a ƙasa inda dā ake jefa taru. Mutanen arewa suka gangaro da ragowar dabbobinsu. Bayan yunwa sai ƙyanda ta shigo gari, ta riƙa bin gidaje. Ta shiga gidanmu ranar wata Talata, ranar Asabar da hantsi aka fita da yarinyar a cikin tabarma. Shekararta huɗu da 'yan watanni.

Inna ta yi kuka har muryarta ta dushe, don ita tana da izni. Ni aka ba ni turmi. Baƙi suna zuwa gaisuwa, sai an yi musu fura, ko da gero ya yi wuya. Na daka. Ban ji komi ba, gaskiya nake faɗa miki. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, haka dukan jikina ya zama. Ina jin taɓarya tana sauka, ina jin mata suna cewa Allah ya ba da haƙuri, suna faɗa wa Inna, ni kuma su wuce ni, don haka ya dace.

Ranar sadakar uku muna zaune a tsakar gida, Inna, da Goggo, da uwar mijina, da matan unguwa sun fi goma. Sai ga Ɗan Ikko ya shigo har cikin mata, idonsa jawur, da kaset a hannu, mai ɗigon ja. Ya tsaya a kaina. Ya kira sunan yarinyar, ɓaro-ɓaro, a gabana.

Ya ce, "Muryarta na cikin wanga. Rannan a zaure ta ƙwace mini abin magana ta yi ta zuba, mu biyu kaɗai. Har maganarki ta yi. In sa miki ki ji? In kina so in aje miki shi, ba za mu taɓa shi ba."

Ban ɗaga kai ba, amma na san inda kowane ido yake. Uwar mijina tana zaune a damana, ina jin numfashinta.

Na ce, "Wace yarinya? Ni ina ruwana da surutun yara. Ka kai wa masu ita."

Ya juya wurin Inna. Inna ta rufe fuska da zane ta ce, "Fitar mini da abin nan. Ba ni iya jin muryar wanda ke cikin ƙasa."

Ya sake dubana. "Haka kika ce?"

"Haka na ce."

Uwar mijina ta gyara zama ta ce, "Diyar gidan mutunci ke nan." Goggo ta ce, "Kai Ɗan Ikko, ka sha ruwan wani gari ka manta naku. Fita, nan wurin mata ne." Ya tsaya kaɗan, sannan ya ce, a hankali, yadda ni kaɗai da na kusa muka ji, "Wallahi ban san zuciyarki dutse ba ce." Ya fita.

Ban damu ba a lokacin. Duk wanda ya tashi a garin nan, har yaron da bai yi kaciya ba, ya san irin wannan a'a ba a'a ba ce. Abin da ake yi shi ne a yi shiru, a aje abin a wani wuri, wata rana a bar shi inda uwar za ta yi tuntuɓe da shi ba mai kallo. Na ɗauka ya sani. Na manta yana ɗan shekara goma ya bar mu, ya girma a inda mutum in ya ce ba ya so, to ba ya so.

Na jira aka yi sadakar arba'in, don kada a ce. Ranar kasuwar da ta biyo na ɗauki ƙwaryar fura na ce zan kai wa wana. Na bi ta bayan gonar rogo. Mangazar tana da duhu da zafi, tana warin tsohuwar gyaɗa. Suka daina abin da suke yi suka zuba mini ido, don mace ba ta taɓa shiga ba. Na aje furar. Bakina ya kasa ɗauko maganar. Abin da na iya cewa shi ne, "Yaya, sa mini mai ɗigon jan nan."

Fuskarsa ta washe, rabon da in ga haka tun kafin rasuwar. Ya ce, "Wa ya gaya miki? Kai, kun ji, labari ya kai gari! Wancan makon muka gama shi. Ba mu taɓa yin kamarsa ba, ciki da bai duk mun cika shi. Zauna, zauna." Ya kakkaɓe mini wani buhu.

Na zauna. Ya danna.

Wani gurnani ne ya fara fitowa, kamar hadari yana tasowa daga gabas. Sai jitar ta shigo daga cikin randa, tana hawa tana sauka, sai ganga a hankali kamar mai tafiya da kaya. Na gane abin da ya faru tun a numfashin farko. Ban tashi ba. Ban san abin da ake yi a tashi a yi ba.

Ɗan makaɗan Gabi yana zaune a gefe yana ɗaure tsarkiyar gangarsa. Shi ɗan gida ne, ya dube ni sau ɗaya ya kau da kai. Da kaset ya kai ƙarshe ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Injin nan fa ya tsufa. Ba shi sharewa tas. Wani lokaci in ka kasa kunne kana jin na ƙasa." Mai gyaran rediyo ya buɗe baki zai yi gardama, ɗan Gabi ya ce masa, "Kai dai juya mata ɗaya gefen."

Ko gaskiya ya faɗa, ko tausayi ne, ban sani ba har yau.

Na koma ranar kasuwa ta gaba, da wadda ta bi ta. Kullum da ƙwaryar fura, kullum mai ɗigon ja. Tun ana gulma har aka gaji, aka ce baƙin ciki ne ya taɓa ni, wasu suka ce ai jinin gidan ne. Mijina mutum ne mai sanyi, ya ce in dai na dawo kafin la'asar. Nakan zauna bisa buhun nan in rufe ido in bi kiɗan kamar mai tsintar tsakuwa a cikin gero. Ba kiɗan nake saurare ba, ƙarƙashinsa nake nema. Akwai wani wuri, bayan ganga ta tsaya kafin jita ta dawo, da ake jin wani ɗan siririn abu. Nakan ce a maido nan. A maido. In ce a sake. Wata rana mai gyaran rediyo ya ce, "Wannan ai ƙyauren mangaza ne iska ta kaɗa, na tuna." Na ce to. Na ci gaba da cewa a maido.

Wana kuwa daɗi ya cika shi. Saboda ni bai sake ɗora komi bisa wannan kaset ɗin ba, suka koma fama da biyu. Yakan tsaya ya yi mini bayani, nan kaza muka yi, nan randa biyu muka haɗa. Ina gyaɗa kai.

Abin nasu bai kai shekara uku ba. Kamyon ya canja hanya, batir ya tafi da shi. Mai gyaran rediyo ya ƙetara Nijeriya lokacin da kuɗi suka yi yawa can, ya tafi da manyeto. Kaset ɗin suka zauna a cikin akwatin wana har zafi ya manne zarensu, yara suka ja shi suka yi wasa da shi a kan ƙaya. Mangazar ma damina ta rushe ta. Wana ya aske gashi, ya yi aure, ya kama lambu a bakin tabki, yana noman albasa da tumatir, har ya zama mai sahun gaba a masallaci. Amma in hira ta yi hira yakan ce wa mutane, "Duk ƙasar nan mutum ɗaya ne ya gane abin da muke yi. Ƙanwata. Ba ta yi karatun lakkwal ba, amma kunnenta ya fi na mutanen Ikko." Ni ina jinsa. Ban taɓa gyara masa ba.

Na haifi bakwai bayan yarinyar Inna. Na aurar, na yi jikoki. Inna ta tafi, Goggo ta tafi, uwar mijina ta tafi, duk matan da ke tsakar gidan nan ran sadakar uku ba wadda ta rage. Shekarun baya kaɗan wana ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Na je na zauna a bakin gadonsa da rana, matarsa ta fita ɗebo ruwa. Na duba, ba kowa. Ba sauran wanda zan ji wa kunya a duniya.

Na ce, "Yaya, ran nan da ka shigo da kaset cikin mata. Ka ce ta yi maganata."

Ya ce, "Wa?"

Na ce, "Yarinyar Inna."

Na ga abin yana isa gare shi a hankali, kamar ruwa yana bin kwalbatin lambu. Ya ɗago ido ya dube ni, ya daɗe.

"Don haka kike zuwa?"

Na ce, "Mi ta ce?"

Ya rufe ido. Leɓunansa suna motsi. Na jira. Na ji kaza tana tono a bakin ƙofa, na ji ana kiran wani yaro a maƙwabta. Da ya buɗe ido hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

Ya ce, "Wallahi ban tuna ba. Na san dai ta yi dariya. Sau ɗaya na saurare shi. Ki yafe mini, ban tuna ba."

Na ce ba komi, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Na gyara masa mayafi.

Muka zauna. Can, ban san ko ya san yana yi ba, sai na ji ya fara gurnani a maƙogwaro, ƙasa-ƙasa, irin na hadarin nan mai tasowa. Ya hau, ya sauka, ya zo daidai inda ganga ke tsayawa, numfashinsa ya gaza. Sai na ji ni ce na ɗauka daga nan. Ban ɓata ko gaɓa ɗaya ba, har ƙarshe.